Silifas 60,000 a Masarautar Kunkuru: Wa Zai Kare Aldabra?

A farkon shekarar 2019 wasu matasa 'yan ƙasar Seshel, tare da ɗaliban Jami'ar Oksfod ta Ingila, suka shafe mako biyar suna tsintar shara a gaɓar wani tsibiri da ake kira Aldabra, can cikin Tekun Indiya. Da aka auna abin da suka kwaso ya kai tan 25. Akwai igiyoyi da ragar kamun kifi da gorunan roba, akwai kuma warin silifas wajen 60,000. Tsibirin nan ba shi da ƙauye, ba shi da kasuwa. In ka cire masu bincike da masu gadi ƙalilan, waɗanda kan zo su yi wa'adinsu su koma gida, babu ɗan Adam da ke kwana a cikinsa. Da masana suka zauna suka yi lissafi, sai suka ga abin da aka kwashe bai kai kashi 5 cikin 100 na sharar da ke jibge ba. Sauran ta kai tan 513, kuma kwashe ta zai ci kimanin dala miliyan 4.7.

Tun ranar da na fara karanta wannan lissafi tambaya ɗaya take yi mini yawo a rai: wa zai biya? Mutane da yawa suna ɗauka wuri irin wannan Allah ya riga ya tsare shi da nisa, don haka babu abin da ake bukata sai a ƙyale shi. Tarihin Aldabra ya ƙaryata wannan zato tun da daɗewa. Sau biyu tsibirin yana kaiwa bakin halaka, kuma duk sau biyun sai da wasu mutane suka tashi tsaye kafin ya tsira. Yau ga shi a karo na uku, nauyin kuma an bar wa wata 'yar ƙaramar ƙasar Afirka wadda yawan jama'arta gaba ɗaya bai kai na ƙaramar hukuma ɗaya a cikin birnin Kano ba.

Bari mu fara da sanin wurin. Aldabra mallakar Seshel ce, amma tsakaninta da Mahe, babban tsibirin da fadar gwamnati take, ya haura kilomita 1,100. Madagaska ta fi kusa da ita, wajen kilomita 420, gaɓar Tanzaniya kuma ba ta kai kilomita 700 ba. In ka hango ta daga sama kamar awarwaro ce da aka jefa a ruwa, tsawonta kilomita 34, faɗinta wajen 13. Awarwaron ya tsattsage gida huɗu manya: Grande Terre, wanda ya fi kowanne girma, sai Malabar, da Picard, da Polymnie. A tsakiyarsu akwai wani makeken tafki marar zurfi, wanda faɗinsa ya fi na dukkan busasshiyar ƙasar da ta kewaye shi. Sau biyu a yini teku na tumbatsa ya kwararo cikin tafkin ta waɗannan tsagogi, sau biyu kuma ya janye, har galibin ƙasan tafkin ya fito fili, laka da yashi da ciyawar ruwa. Ƙarfin ruwan a babbar mashigar, wadda ake kira Grande Passe, kan fi ƙarfin ƙaramin kwalekwale. Masu tarihi da yawa suna danganta sunan wurin da kalmar Larabci Al-Khadra, wato koriya, domin Larabawa matuƙan jiragen ruwa sun san shi tun kafin Turawan Fotugal su iso a ƙarni na 16.

Wannan awarwaro gaba ɗaya ginin murjani ne. Mu dai abin da muka sani da murjani shi ne jan dutsen ado da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya da hannu. Asalinsa kuwa halitta ce mai rai. Wasu 'yan mitsi-mitsin dabbobi ne na cikin teku da ke gina wa kansu ɓawo na farar ƙasa, in sun mutu na baya su ɗora gini a kan na gaba, a haka har a sami ganuwa mai tsawon kilomitoci. Charles Darwin ne ya fara bayyana yadda irin wannan tsibiri mai kamar zobe yake samuwa, a littafin da ya fitar a 1842. Ya ce da farko dutse mai aman wuta ne ke ɓullowa daga ƙasan teku, murjani ya kewaye gindinsa. Sannu a hankali dutsen yana nutsewa, murjanin kuma yana ƙara hawa sama don neman hasken rana, har dutsen ya ɓace ɗungum, zoben ya rage da tafki a tsakiya. An yi shekara fiye da ɗari ana gardama a kan wannan magana, sai a 1952 Amurkawa suka haƙa rijiya a tsibirin Enewetak na Tekun Fasifik, suka ratsa murjani na sama da mita 1,200 kafin su taɓo dutsen aman wuta a ƙasa.

Aldabra ta bambanta da yawancin 'yan'uwanta da abu guda. Irin su tsibiran Maldif da ƙyar suke ɗara ruwa da mita ɗaya ko biyu, ita kuwa tsohon murjaninta ya ɗaga sama har wajen mita 8. Ruwan sama na dubban shekaru ya zaizaye wannan dutse, ya bar shi da ramuka da kaifi kamar bakin aska. Mutanen Seshel suna kiran irin wannan wuri champignon, wato naman kaza, saboda yadda ruwa ke cinye gindin duwatsun cikin tafkin ya bar kansu a baje kamar laima. Takalmi ba ya daɗewa a kansa, kurmin ƙaya ya rufe sauran. Babu rafi, babu kogi, ruwan sha sai wanda aka tara lokacin damina, wadda ke zuwa tsakanin Nuwamba da Afrilu. Babu kuma tashar da babban jirgi zai tsaya cikin kwanciyar hankali. Wannan tsananin shi ya hana a sare dajin a mai da shi gonar kwakwa kamar yadda aka yi wa sauran tsibiran yankin.

Abin da ya fitar da sunan Aldabra a duniya shi ne kunkuru. Kada mai karatu ya kawo ɗan kunkurun da yara ke tsinta a bayan gari. Namijin na Aldabra kan kai kilo 250, yaro na iya zama a bayansa, kuma yakan haura shekara ɗari a duniya. Ƙidayar da aka yi a lokuta daban-daban ta nuna suna tsakanin 100,000 da 150,000, wato sun ninka na tsibiran Galapagos sau da yawa, ko da yake na Galapagos ɗin aka fi ji. A can su ne shanu, su ne giwaye. Suna kiwo har su mai da ciyawa gajeriya kamar shimfiɗar darduma, wasu tsirrai ma sun saba da fitar da fure can ƙasa daf da turɓaya don kauce wa bakinsu. Suna cin 'ya'yan itace su baza irin a wani wuri, suna buɗe hanyoyi a cikin kurmi. Da rana ta take sai su yi cincirindo a ƙarƙashin kowace inuwa, domin wanda ya rasa inuwa zafi na iya kashe shi a cikin ƙoƙonsa. A 2004 an tsinci ɗaya daga cikinsu da ransa a bakin teku kusa da Darussalam ta Tanzaniya, ƙafafunsa duk ƙwarin ruwa sun manne, alamar ya yi makonni yana yawo a kan igiyar ruwa. Ta irin wannan hanya kakanninsa suka isa Aldabra tun farko.

A da irin waɗannan ƙatti sun cika tsibiran Tekun Indiya, daga Morishus zuwa Rodrigues zuwa Reunion. Matuƙan jiragen Turawa ne suka ƙarar da su. Kunkuru na iya yin watanni ba ci ba sha, don haka sai a kife su a ɗakin kaya, a riƙa yanka ɗaya-ɗaya a kan doguwar tafiya. Dubu ɗaruruwa aka kwashe, kuma kafin tsakiyar ƙarni na 19 na waɗancan tsibirai sun ƙare ƙaƙaf. Na Aldabra ma sun kusa, wannan ne hatsari na farko. A 1874 Darwin da wasu manyan masana na Ingila suka sa hannu a takardar koke zuwa ga gwamnan Morishus, wanda Aldabra ke ƙarƙashinsa a lokacin, suna roƙon a hana ƙarar da su. Duk da haka an ci gaba da ba da hayar tsibirin ga 'yan kasuwa masu kama kififiyar teku da sare itace da shanya kifi, kuma a ƙarshen wancan ƙarni mutum kan yi kwanaki yana nema kafin ya ga kunkuru ɗaya. Da aka rage matsin lamba sai suka farfaɗo. Yau daga Aldabra ake samo irin da ake mayarwa ƙananan tsibiran Morishus don su yi aikin da 'yan'uwansu da suka ɓace suke yi wa daji.

Akwai wani tsuntsu da labarinsa ya fi ba ni mamaki. Kamanninsa kamar kazar ruwa, mai farin maƙogwaro, kuma ba ya tashi. Shi kaɗai ya rage a cikin tsuntsaye marasa tashi na tsibiran Tekun Indiya, yankin da tsuntsun dodo na Morishus ya ɓace tun ƙarni na 17. A 2019 masana biyu, Julian Hume da David Martill, suka kwatanta ƙasusuwan da aka tono a tsibirin. Suka gano cewa kimanin shekara 136,000 da suka wuce teku ya shanye Aldabra baki ɗaya, duk abin da ba ya iyo ko tashi ya mutu, har da kakan wannan tsuntsu wanda shi ma ya riga ya daina tashi. Da ruwa ya janye sai wasu danginsa masu tashi suka sake zuwa daga Madagaska, suka tarar babu abin da ke farautarsu, a hankali su ma suka daina amfani da fiffike. Ikon Allah ke nan, abu ɗaya ya faru sau biyu a wuri ɗaya. Amma labarin yana ɗauke da gargaɗi: tsibirin da ya taɓa nutsewa zai iya sake nutsewa.

Sauran mazauna zan ratsa su da sauri. Akwai ƙaguwar kwakwa, wadda ta fi kowace ƙaguwar tudu girma a duniya. Akwai dubban manyan tsuntsayen teku da ke sheƙa a kan itatuwan bakin tafki masu saiwa a waje. Akwai kifayen shak da ke renon 'ya'yansu a ruwa marar zurfi. Akwai kuma dugon, ɗan'uwan ayun da masuntanmu suka sani a Binuwai da Kwara, wanda a duk faɗin Seshel nan ne kaɗai ya rage.

Hatsari na biyu ya zo ne da kakin soja. A 1965 Birtaniya ta yanke Aldabra da wasu tsibirai biyu daga Seshel, ta yanke tsibiran Cagos daga Morishus, ta haɗa su ta yi sabon yankin mallaka a tsakiyar Tekun Indiya don amfanin sojinta da na Amurka. Shirin shi ne a shimfiɗa filin saukar jiragen yaƙi a Aldabra, a gina tashar jiragen ruwa da ta watsa shirye-shiryen rediyo. Da hakan ta tabbata da an baje duwatsun, an kuma karkashe tsuntsayen, tunda jirgin sama da garken tsuntsaye ba sa zama inuwa ɗaya. Ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan da takwarorinta na Amurka suka yi ca, wani ɗan majalisa mai suna Tam Dalyell ya hana gwamnati sakat da tambayoyi. A Nuwamban 1967 darajar fam ta faɗi, aljihun gwamnati ya yi rauni, aka soke shirin. Gaskiyar magana ita ce da koken masana da talaucin baitulmali suka haɗu suka ceci Aldabra, kuma da ɗaya ya rasa ɗayan ban ga yadda za a yi ta tsira ba.

A nan dole in tsaya, domin duk wanda ya ba da labarin nasarar Aldabra ya tsallake Cagos bai yi adalci ba. A wancan yankin mallaka guda, sansanin da aka shirya a tsibirin Diyego Gasiya na Cagos bai fasa ba. Can kuwa akwai mutane, jikokin bayi da 'yan ƙodago da aka kawo daga Afirka da Indiya, waɗanda suka yi zuriya bayan zuriya a wurin, da gidajensu da maƙabartunsu. Tsakanin 1968 da 1973 aka kwashe su kaf, mutum sama da 1,500, aka zube su a unguwannin talakawa na Morishus da Seshel. Manyan masana sun cika jaridun Landan saboda kunkuru, su kuwa waɗannan bayin Allah ba su sami ko rubu'in wannan murya ba. Sai a 2019 Kotun Duniya da ke Heg ta ba da ra'ayin cewa raba Cagos da Morishus ya saɓa wa doka, a 2025 kuma aka sa hannu a yarjejeniyar mayar da tsibiran, tare da barin sansanin a matsayin haya ta shekara 99. Ban kawo wannan don in rage darajar ceton Aldabra ba. Na kawo shi ne don mu Afirka muna da dalilin yin tsaki duk lokacin da aka ce mana wani wuri "babu kowa a cikinsa", kuma ya kamata mu riƙa bincikawa. Aldabra dai ta ci wannan jarrabawa: ba ta taɓa samun al'ummar da ta kafu a cikinta ba, sai leburorin da masu haya ke kawowa na ɗan lokaci. Kare ta bai raba kowa da gidan ubansa ba.

Royal Society ta buɗe tashar bincike a Picard a 1971. Da Seshel ta sami 'yanci a 1976 aka mayar mata da tsibirinta, a 1979 ta kafa gidauniyar Seychelles Islands Foundation ta damƙa mata amanarsa, a 1982 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Dabarar kuɗin gidauniyar ta burge ni. Tana kula da wani kurmin kwakwa mai suna Vallée de Mai a tsibirin Praslin, inda 'yan yawon buɗe ido ke tururuwa, sai ta riƙa ɗibar kuɗin ƙofa daga can tana ciyar da Aldabra wadda kusan ba mai zuwa. Sakamakon ya fito fili. Tun da aka hana kama koriyar kififiyar teku a 1968, yawan ramukan ƙwai da suke yi a shekara ya tashi daga tsakanin 2,000 da 3,000 har ya haura 15,000. An ƙarar da awakin da suka koma na daji suna cinye inuwar kunkuru, akuya ta ƙarshe ta faɗi a 2012. An mayar da tsuntsun nan marar tashi tsibirin Picard a 1999, ya hayayyafa. Wata katantanwa da aka yi shelar ɓacewarta a 2007 an sake ganinta da rai a 2014.

An yi asara kuma. Wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai waƙa da aka gano a Malabar a ƙarshen shekarun 1960, ganinsa na ƙarshe shi ne 1983. Ɓeraye da suka sauka daga jiragen ruwa suna cikin manyan waɗanda ake zargi, kuma har yau suna nan, tare da magunan da suka koma na daji a Grande Terre. Illar ɓera ba ta tsaya a tudu ba. Wani bincike da aka buga a 2018 a kan tsibiran Cagos ya nuna inda babu ɓera tsuntsayen teku sun ninka ɗaruruwan sau, kashinsu yana gangarawa ruwa ya zama taki, kifin da ke kewayen ya ƙaru da kusan rabi. Kawar da ɓera daga ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 155, mai cike da ramuka da kurmi, aiki ne na miliyoyin daloli, kuma shi ne babban aikin da ke gaban masu kula da wurin.

Duk waɗannan matsaloli ne da mai gadi zai iya tunkara. Na yanzu kuwa sun fi ƙarfin mai gadi. Mu koma kan sharar nan. In an bi ta nauyi, fiye da kashi 80 cikin 100 kayan kamun kifi ne, musamman na manyan jiragen da ke farautar kifin tuna, waɗanda ke sakin wasu rafta-rafta masu raga a teku don tara kifi, in sun gama da su su bar su ruwa ya tafi da su. Silifas da kwalabe kuwa, binciken da aka yi ta bin sawun igiyar ruwa ya nuna yawancinsu daga Indonesiya da Indiya da Siri Lanka suke tasowa, su yi watanni a hanya. Kififiya ta fito yin ƙwai ta tarar da tudun roba, jariranta su ƙyanƙyashe su maƙale a cikin raga, kunkuru ya haɗiyi ɓallin takalmi. Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a nan wani ya ɗebo, bakin wani ke ƙuna. Ba na wanke Seshel ɗungum, domin tashar jiragen ruwanta ta Biktoriya na cikin manyan cibiyoyin tuna na duniya, kuma gwamnati na karɓar kuɗin lasisi daga jiragen Sifen da Faransa. Wannan ma shi ya sa maganin yake hannunta: duk jirgin da zai saki raftarsa a wannan ruwa a sa masa alama, a kuma cire kuɗin kwashewa daga lasisinsa. Dala miliyan 4.7 ba komai ba ne a cinikin tuna na shekara guda. Jiran yarjejeniyar duniya kan roba kuwa jiran gawon shanu ne, tunda zaman Busan na 2024 da na Janeba na 2025 duk sun watse ba a cimma matsaya ba.

Sai zafi. Murjani na rayuwa ne da taimakon wata gansakuka da ke zaune a cikin jikinsa tana ba shi abinci da launi. In ruwa ya ɗara zafin da aka saba da ko da digiri ɗaya ne na tsawon makonni, sai ya fitar da ita, ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Haka ta faru a 1998, ta sake faruwa a 2016, inda aka rasa wajen rabin murjanin da ke ganuwar waje. Na cikin tafki, wanda ya saba da sauyin zafi kullum, ya fi jurewa, ya kuma farfaɗo cikin 'yan shekaru. Wannan ya nuna murjanin da ba a dame shi da yawan kamun kifi da ƙazantar birni ba yana da ƙarfin warkewa, in an ba shi sarari tsakanin bugu da bugu. A tudu kuma bayanan ruwan sama tun daga 1970 sun nuna watannin fari sun ƙaru daga kamar biyu a shekara zuwa kamar shida. Mu mutanen Sahel ba sai an yi mana tafsirin abin da hakan ke yi wa dabbar da ke kiwo ba.

Na bar wanda ya fi damuna zuwa ƙarshe, domin shi ne wanda alƙalami ɗaya zai iya tsayarwa. Ƙasa da kilomita 30 kudu da Aldabra akwai ɗan tsibiri mai suna Assomption. Shi ne madubin abin da Aldabra za ta zama da an sake ta. Daga farkon ƙarni na 20 har zuwa 1983 an yi ta kankare kashin tsuntsayen da ya taru a kansa ana sayarwa a matsayin taki, aka sare dajin, tsuntsayen suka watse. A nan ne filin jirgin saman da ma'aikatan Aldabra da kayansu ke bi yake, wato shi ne zauren gidan. A 2015 Indiya ta ƙulla yarjejeniyar gina sansanin sojan ruwa a wurin, jama'ar Seshel suka ƙi, aka jingine. Daga 2024 kuma aka shiga gina katafaren otal na attajirai da kuɗin masu zuba jari na ƙasar Katar, tare da faɗaɗa filin jirgin. Maganar ta tada ƙura har ta shiga cikin batutuwan zaɓen shugaban ƙasa na 2025.

Masu goyon baya suna cewa ƙasar da ke rayuwa da yawon buɗe ido ba za ta ƙi jari ba, kuma Assomption ta riga ta lalace. Na ji wannan hujja, ban kuma raina ta ba, domin talauci ba abin wasa ba ne. Amma an riga an gwada, an ga sakamako. A shekarun 1970 wasu suka kawo tsuntsayen keji iri biyu daga Morishus suka sake su a Assomption. Suka yaɗu dubbai, a 2012 aka gan su sun tsallaka Aldabra, inda ɗaya daga cikinsu ke barazanar gurɓata irin wani tsuntsun da babu shi ko'ina sai can. Sai da aka yi shekaru ana farautarsu ɗaya bayan ɗaya, dubbai aka kashe a Assomption, kafin a shawo kan abin. Wannan ɓarnar kejin tsuntsu ce kawai. To ina ga ɗaruruwan leburori, da jiragen ruwa cike da yashi da katako da tukwanen furanni, da jiragen sama masu sauka kai tsaye daga ƙasashen waje? Tururuwa guda mai ciki, ko ƙwayar cutar tsiro a cikin ƙasar tukunya, ta isa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a tsibiri abin da ya shiga da wuya ya fita. Ma'aikatan gidauniyar suna bincike kowane buhun shinkafa da kowace jakar kaya kafin ta taka Picard. Ba zai yiwu a bar su da wannan taka-tsantsan ba, alhali a zauren gidan an buɗe ƙofa warwar.

Seshel ta nuna a baya tana iya yanke shawara mai wuya. Ita ce ta sauya bashin dala miliyan 21.6 zuwa alkawarin kare teku, kuma a 2020 ta cika alkawarin, ta keɓe kashi 30 cikin 100 na ruwanta. Ƙasar da ta yi wannan ba ta bukatar a koya mata son muhallinta. Abin da take bukata shi ne kuɗi masu ɗorewa, domin kuɗin ƙofa ba abin dogaro ba ne: 'yan fashin teku na Somaliya sun kori jiragen baƙi daga yankin a 2009, annobar korona kuma ta rufe Vallée de Mai a 2020. Duniyar da ta rubuta Aldabra a cikin gadonta ita ya kamata ta ɗauki rabonta na ɗawainiya, kuma Tarayyar Afirka, wadda Seshel ke cikinta, ta riƙa ɗaga maganar a duk zaman da ake yi kan teku da yanayi.

Kirana ga gwamnatin Seshel shi ne ta dakatar da duk wani gini a Assomption har sai masana masu zaman kansu sun tantance haɗarinsa ga Aldabra an kuma bayyana sakamakon ga jama'a, ta sa kamfanonin tuna su biya kuɗin kwashe ragarsu, ta kuma nemi tallafin duniya a fara aikin kawar da ɓeraye da maguna tun kafin wani tsuntsun ya bi sawun na 1983.